Sharhin Fim Ɗin Da Ban Kalla Ba

Jama'a, salamu alaikum. Tun da na fara ba ku labarin nan wasu ke ta rubuto mini cewa na cika yabon kaina. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi, "Malam Hizbu, kai a labarinka kullum kai ne mai gaskiya." To 'yar'uwa, gyara zama, yau ranarki ce. Yau za ki ji yadda na yi ƙarya cikin babbar riga, aka kama ni tun ba a kira azahar ba.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: sunana Hizbullahi, mutumin Gashua, a yau mai tumbi da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na neman na karatun. A shekarar 2005 kuwa siriri ne ni kamar sillen kara, kuma ina da jarida. Jarida dai a bakina. Takarda ce guda, gaba da baya, nake rubuta ta da hannu in kai a yi mini kwafi duk Laraba, ranar kasuwarmu. Sunanta Leƙen Mako. A gaba akwai sharhin sabon fim ɗin da ya shigo gari, da labaran jaruman Turawan nan masu rufe fuska suna tsalle daga bene zuwa bene. A baya kuma zanena ne, labarin wani jarumi da na ƙirƙira, Ɗan Fadama, manomin shinkafa mai tashi sama a kan ƙyauren langa-langa.

Ga inda matsalar take. Kaset daga Kano yake zuwa Nguru, a can a kwafa a sa a kwali, ya iso Gashua a motar safiyar Laraba. Takardata kuma dole ta fito kafin kasuwa ta cika. Wuta ba ta zuwa da rana, abokina Bilya mai gidan kallo ba ya tayar da janareta sai yamma. To yaushe zan kalla? Sai in ɗauki kwalin, in ƙura wa hoton ido, in rubuta abin da ya kamata a ce ya faru. In na ga jirgi, ya faɗi. In na ga mai gemu, mugu ne. Kusan shekara na yi a haka, kuma ku yarda da ni, wasu finafinan nawa sun fi na ainihin daɗi.

Wata Laraba na buɗe kwali, sai ga 'yar takarda a ninke, tana ƙamshin humra. Layi biyu ne kacal: "Malam mai sharhi, wanda ka ce ya mutu a ƙarshen fim ɗin makon jiya, ba ya ma cikin fim ɗin. Kwalinsa ne ya ƙare, na sa na wani."

Wannan ita ce Shuhada, 'yar Alhaji Yuguda na Nguru. Yayanta ne mai shagon kwafar, ita kuma a gida take sa kaset a kwali, kuma tana kallon kowanne don ta tabbatar hoton bai yi ruwa ba. Daga ranar, duk mako sai ta sako mini labarin fim ɗin a taƙaice, da ra'ayinta, mai kaifi kamar reza. Ni kuma in kwafe tsaf in sa sunana a ƙasa. Takardata ta yi suna har Jakusko. Mutane suna cewa, "Yaron nan ya ƙara basira." Ina cewa, "Karatu ne."

Daga baya na je Nguru, na bi ta hannun yayanta, aka ba ni izinin zance a zaure kamar kowa. Gidansu sun san da ni. Abin da ba su sani ba shi ne takardun cikin kwali. Alhaji Yuguda kuwa mutum ne da ko gaisuwa 'yarsa ta yi wa baƙo da murmushi sai ya tambayi dalili.

To, ranar wata Litinin saƙo ya shigo 'yar wayata mai tocila. Lokacin sabis bai daɗe da zuwa garinmu ba, a gidanmu sai ka tsaya kusa da randar Inna kake samunsa.

"Slm. Baba zai turo Kawu Dunoma bincike jibi Laraba. Don Allah kar ka yi masa ƙarya, ba ya yafe ta. Kuma wannan makon ba takarda, Umma na zaune kusa da ni ina sa kwali."

Na karanta wa Inna rabin farko. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Bincike? Jibi? A kira mini Ridwanu."

Yaya Ridwanu shi ne babbanmu, dillalin tattasai, mutumin da ko a mafarki buhu yake gani. Ya shigo yana kaɗe hula.

"Ridwanu, za a zo tambayar sana'ar ƙaninka. Me za a ce?"

"Sai a ce zanen aljanu yake yi, Inna."

"Ba aljanu ba ne," na ce, "jarumai ne."

"Mutum a sama ba fiffike, a kan ƙyaure? Rufe mini baki." Inna ta juya ga Yaya. "Wane uba ne zai ɗauki 'yarsa ya ba mai wannan? Ranar Laraba a rumfarka zai zauna. Ɗan kasuwar tattasai ne, tare kuke. Ka ji ko?"

"Inna, Shuhada ta ce..."

"Shuhada ta taɓa aurar da ɗa? Ni na aurar da huɗu."

Kun san yadda bincike yake. Mai zuwa ba ya neman saurayi, ba ya ma son saurayin ya san ya zo. Maƙwabta yake bi, da masallacin unguwa, da teburin mai shayi, yana tambaya kamar hira. Don haka ranar Talata Yaya ya zagaye unguwa gida-gida yana koya wa mutane darasi. Mai shayi ya karɓa da zafinsa har ya wuce inda aka ce: shi a wurinsa tirela nake lodawa zuwa Legas. Liman ne kaɗai ya ƙi. Ya ce shi abin da zai faɗa, yaron yana sahun gaba kullum, ban da Laraba da yake zuwa da tawada a hannu.

Ni fa? Na san abin da Shuhada ta roƙe ni. Na kuma kalli shaddar Yaya ruwan toka da aka ɗauko mini daga ƙasan akwati, mai aiki har ciki, tana warin kafur. Na sa, na dubi madubi, na ga wani Alhaji. Gaskiya ta ce mini kar ka yi, madubi ya ce yi. Na bi madubi.

Laraba da hantsi ina kan buhu a rumfar Yaya, rigar ta yi mini yawa har hannuna ya ɓace a ciki. Bilya ya biyo ya cusa mini sabon kaset a aljihu ya wuce yana dariya. Ban san busasshen tattasai yana da hayaƙin da ba a gani ba sai ranar. Atishawa ta farko hulata ta karkace. Ta bakwai ta faɗi cikin buhu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na hango shi. Dogo, baƙi, farar riga, zanna bukar a kai, lema a hammata. Ban taɓa ganinsa ba, amma Shuhada ta ba ni labarinsa: ƙanin Ummanta ne, Babarbare, dillalin shanu, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomin. Ya zauna a bencin rumfar da ke kallonmu, ya sa lemar tsakanin ƙafafunsa.  Ni kuma na shiga sana'a. Na ɗebi tattasai ina shinshinawa kamar yadda na ga Yaya na yi. Kada ku gwada.

Ina cikin share hawaye wani direban Jajimaji ya tsaya a kaina.

"A'a! Hizbu? Wa ya mutu ka gaji riga? Ina takardar yau?"

"Wace takarda, ranka ya daɗe? Tattasai muke sayarwa."

"Kai dalla! Mun bar Ɗan Fadama a rataye a gada, kada na jiransa a ƙasa. Fasinjojina sun ce kar in dawo ba ita."

Yaya ya ja shi gefe. Kafin ya gama da shi wani tela ya zo. Bayansa wasu 'yan makarantar horon malamai su uku, ɗaya har yana cewa sharhina na makon jiya ya sa shi kuka. Duk wanda ya zo sai in ce tattasai, shi kuma ya ce takarda.

Sai dattijon ya miƙe, ya tsallako.

"Wushe," ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, Baba, sannu da zuwa. Buhu nawa za a ba ka?"

Ya ɗauki tattasai guda ya juya shi. "Na bana ne ko na bara?"

Na dubi Yaya. Yaya ya dubi sama.

"Na bana ne, Baba. Sabo fil."

Ya karya shi a kusa da kunnensa, ya ajiye. "Na bana bai gama bushewa a gona ba." Ya kakkaɓe hannu. "Ni ba a aiko ni in yi magana da kai ba, yaro. Amma mai shayinku ya ce kana da tirela, limaminku ya ce kana da tawada. Na duba hannunka, liman ne mai gaskiya. Tashi mu je in ga aikin da kake yi."

Haka na bi bayansa ina jan riga a ƙasa, kasuwa na kallona.

Gidan kallon Bilya rumfar kwano ce, benci goma sha biyu, talabijin ɗaya a cikin kejin ƙarfe. Kawu Dunoma ya zauna a bencin gaba. Na fito da kaset. A kwalin akwai wani ƙato cikin ɗamammun koren kaya, fuska a rufe, yana tsaye a kan jirgin ƙasa, bayansa jirgi mai saukar ungulu na ci da wuta. Na buɗe a hankali, ko Allah zai sa. Babu takarda. Ko ƙamshin babu.

"Ka kalle shi?" ya tambaya.

Nan ne fa, jama'a. Nan ne ƙofar take a buɗe, da na ce a'a da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Kawu, ai sana'ar kenan."

"To rubuta."

Na koma tsohuwar hanya. Wallahi ban taɓa zuba basira irin ta ranar ba. Na rubuta yadda jarumin ya tare jirgin ƙasa da ƙirjinsa, yadda ya kama harsashi da haƙori, yadda jirgin sama ya kama da wuta mintuna goma kafin ƙarshe. Na rufe da cewa duk wanda bai kalli fim ɗin nan ba ya cuci idonsa. Na karanta masa da murya. Ya gyaɗa kai.

"Da kyau. Kunna mana."

Bilya ya ce, "Baba, ai babu mai a janareta."

"Akwai. Tun daga ƙofa na ji warinsa."

Janareta ya tashi a ja na farko. Abin da bai taɓa yi ba tun da aka saye shi.

Hoto ya fito. Wani koren dutse. Tumaki. Wani tsohon Bature da matarsa suna tafe a bayan tumakin, suna magana a hankali. Na ce a raina, gabatarwa ce, yanzu ƙaton zai diro. Minti ashirin, tsohon yana gyara shinge. Minti arba'in, tunkiya ɗaya ta yi ciwo, matar tana ba ta madara a kwalba.

"Yaushe jirgin zai kama da wuta?" in ji Kawu, bai ko juyo ba.

"Yana tafe, Kawu."

Abin haushin, fim ɗin ya kama shi. Ya matso gaba yana cewa, "Kai, dubi gashi. Waɗannan ba za su yi kwana uku a Nguru ba." Da tunkiyar ta miƙe har cewa ya yi alhamdulillahi. Muka tsaya muka yi azahar, muka dawo, tsohon na nan yana aske tumaki. Duk bayan ɗan lokaci sai Kawu ya ce, "Har yanzu dai jirgin?" Ni kuwa zufa ta jiƙa shaddar Yaya tun daga wuya har gwiwa.

Rubutun ƙarshe ya hau. Bilya ya kashe janareta. Kwanon rumfar na ta ƙara saboda rana.

"Ban kalla ba, Kawu," na ce. "Ban taɓa kallon ko ɗaya ba kafin in rubuta. Kuma ban san komai a tattasai ba, rigar ma ta Yayana ce."

"Wannan na gani." Ya zaro wata takarda daga aljihu, ashe tawa ce ta makon jiya, a wurin mai shayi ya karɓa. "Amma telan can ya ce abin da kake rubutawa yana fitowa daidai. Wanda bai kalla ba, yaya yake yin daidai?"

Ina neman abin cewa, sai Bilya, Allah ya shirye shi, ya ga lokacin taimako ya yi.

"Baba, ai ba ƙarya yake yi ba! Daga Nguru ake sako masa labarin a cikin kwali, duk mako. Takarda mai kyau, har da ƙamshin humra. Yau ne kawai ba a sako ba."

Na taka masa ƙafa, amma rigar ce ta sha takun.

Kawu Dunoma ya juyo gaba ɗaya, karo na farko ya dube ni ido cikin ido.

"Humra," ya ce. "Mace ce kenan."

Na shiga naɗe hannun rigar Yaya.

"Wace ce?"

Ku tsaya ku auna da ni. In na ce Shuhada ce, na wanke kaina, amma kafin magariba Alhaji Yuguda zai ji cewa 'yarsa ta shekara tana aika wa namiji takarda a ɓoye, tun kafin a san da shi, a cikin kayan shagon ɗansa. In kuma na ƙi faɗa, to ga saurayi mai neman aure da wata mace a gefe, a garin da yake neman auren.

"Kawu, ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka faɗa ba?"

"Ba zan faɗa ba. Ba ta yi laifin komai ba, taimakona ta yi. Sunanta ba zai fita daga bakina ba."

"Ka san abin da zan je in ce?"

"Na sani."

 Har yau ban san ko ya gane ba, na tambaye shi bayan shekaru ya ce shi tumakin kawai yake tunawa. Ya ɗauki lemarsa, ya ce wa Bilya fim ɗin ya yi kyau, a riƙa kawo irinsa. Ni ko sallama bai yi mini ba.

A gida Inna ta saurari labarin tana riƙe da haɓa.

"To wace ce ɗin? Ni ma ba za ka gaya mini ba?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ridwanu, karɓi rigarka kafin ya jawo mata wani abin kunyar."

Na tsaya a gindin randa da waya a hannu tun la'asar. Na rubuta wa Shuhada saƙo sau biyar ina gogewa. Me zan ce? Ƙarya ɗaya ta roƙe ni kar in yi, na yi biyu. Ana kiran magariba wayar ta yi ƙara.

"Kawu ya dawo. Ya faɗi na tattasai, ya faɗi na tumaki, yayana ya fita waje don dariya. Sannan ya ce kana da wata a Nguru mai rubuto maka takarda, ka ƙi faɗin sunanta. Baba ya ce magana ta mutu. Sai na fito daga ɗaki na durƙusa na ce ni ce. Umma ta saki kofi. Baba ya ce a ɗauko jaridarka ta makon jiya da Kawu ya kawo in karanta masa. Na karanta. Da na gama sai ya ce"

Nan saƙon ya tsaya. Waɗanda suka riƙe waya a wancan zamanin sun san abin: dogon saƙo biyu yake rabewa, rabi ya iso, rabi ya tsaya shan iska a hanya. Na ɗaga wayar sama. Na zagaya randar. Na kira, aka ce ba a samun lambar. Inna ta ce in matsa mata za ta ɗebi ruwa.

Sai da safe, ina wanke baki, sauran ya shigo.

"wanda ya yarda a kore shi don kar a ji sunana, ba za a kore shi ba. Ku turo manya ranar Juma'a ta sama. Amma ya ce ba zai ba da 'ya ga mai sayar da abin da bai gani ba. Laraba mai zuwa ka rubuta a gaban takardarka, da manyan baƙaƙe, cewa duk sharhin da ka yi ba ka kalla ba. Ba sunana, naka kaɗai. Kawu zai zo ya karɓi kwafi ɗaya. Ni kuma tsakanina da kai akwai maganar babbar riga, ban manta ba."

Na zauna a bakin randa. Na tuna direban Jajimaji, da telan, da ɗalibin da ya ce na sa shi kuka. Duk garin nan ba wanda ya taɓa kirana gwani a kan komai sai a kan takardar nan, kuma ranar kasuwa, da hannuna, zan sanar da su cewa gwanin kwali yake karantawa.

Inna ta leƙo. "Lafiya kake zaune kamar an yi maka rasuwa? Sun ƙi ko?"

"Sun yarda, Inna."

Ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Ni kuwa na shiga ɗaki, na ɗauko farar takarda da babban alƙalamin da nake zana Ɗan Fadama da shi, na ja layi a sama, na rubuta: JAMA'AR GASHUA, KU ZO KU ZAGE NI, AURE ZAN YI.